Tukwicin Naɗin Adas

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika maƙil, lokacin da Hindatu ta tsaya gaban tulin albasar Rilwanu ta tambaye shi inda ake sayar da adas.

"Adas kuma? Mi ne na shi?"

Ta yi dariya. "Wani ɗan wake ne ja, fale-fale. Gwaggona Adda ta zo da shi daga Jidda, Habashawan maƙwabtanta suka koya mata dahuwarsa."

Bawan Allah bai taɓa jin sunan ba, amma kafin mako ya zagayo sai da ya sa aka kawo masa mudu biyu daga Sakkwato. Ranar da ya je zance ta fito masa da abin a faranti: adas da ya sha jar albasa, citta, tafarnuwa da yaji har ya yi kauri, an naɗe shi cikin siririyar gurasar fulawa. Yana ci hanci na zuba, yana zuba santi.

"Hasken idona, kar ki yi wa wani namiji wanga abu."

"Kai kaɗai, Rilwanuna."

Matsalar tana can garinsu, Bakura. Inna, mahaifiyarsa, ta ce ita kam ba ta yarda da yarinyar da ke naɗe abinci kamar tabarma ba, a nemo mai tuƙa tuwo.

Ana cikin wannan, wata Talata ya shiga tasha ya hango Kamilu, direban Bakura, wanda ya riga shi neman Hindatu aka ƙi shi. Yana jingine da motarsa yana cin naɗin adas, har da lashe yatsa.

"Hannun Hindu ba dama!" in ji Kamilu. "Wanga shi ne na huɗu."

Na huɗu! Kishi ya turnuƙe Rilwanu. Nan take ya rubuta mata a waya: "Ashe har tasha ake rabon abin da kika ce nawa ne ni kaɗai. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta amsa: "Ban taɓa miƙa masa ko loma ba. Tun da zargina kake, je ka gaida Inna."

Ya ƙi amsawa. Kwana tara yana cin rai, ba barcin kirki, mai sayen albasa ma faɗa yake da shi. Ko ƙahon mota ya ji sai ya ga Kamilu ne. Da abin ya ishe shi ya tafi Bakura.

Ko gaisuwa ba su ƙare ba Inna ta tsare shi. "Kai, mi ka yi wa ɗiyar mutane? Wanga mako kulata ba ta zo ba."

"Wace kula, Inna?"

"Ta adas mana! Kowace Talata sai ta aiko min a mota. Da fari na ƙi ci, daga baya na ɗanɗana, to, ka ga inda na tsaya. Direban kuwa ai ba a sallamar ɗan aike hannu wofi, guda nike ɗauka in ba shi tukwici."

Kunya ta rufe Rilwanu. Wato yana can yana zarginta, ita tana nan tana lallaɓa masa zuciyar uwarsa.

"Tashi ka ba ta haƙuri," in ji Inna. "In ka rasa ta, ni da kai ne."

Sai da Hindatu ta shanya shi a ƙofar gida tun la'asar har rana ta yi ja, sannan ta fito idonta a kumbure.

"Na yi wauta, sanyin raina. Tsoro ni ji a ƙwace min ke."

"Ni ma na ji tsoro, Rilwanu. Na ɗauka ka tafi ke nan."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Inna da kanta ta riƙe hannun amarya ta shigar da ita ɗaki, tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Shi ko Allah ya rage masa kishi." Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.