Maɓallin Jan Zare

Yaya ce ta fara gani. Ta zo taya ƙanwarta ninke wanki a falo, sai ta ɗaga farar rigar mijin ƙanwar ta kai ta bakin taga.

"Ke, zo nan! Ba ke ce tela a gidan nan ba? Wa ya ɗinka wannan maɓallin da jan zare?"

Telar ta bar keken ɗinki ta karɓa. Ɗinki ne karkatacce, an ƙulle shi kamar ɗaurin buhu.

"Ba hannuna ba ne."

"To hannun wata ne! Mace ba ta kama wuyan rigar namiji sai sun saba. Haɗa kayanki mu tafi gida, in ya so ya biyo ki da bayani."

Hawaye ya zubo mata, amma ta ce, "Yaya, bari na gani da idona."

"Sakarya! Zauna har a kawo miki katin biki."

Telar ba ta tambayi mijin komai ba. Reza ta sa ta cire maɓallin shuɗiyar rigarsa, ta rataye ta, ta zuba ido. Da ya ci abinci kaɗan ta ce ya ƙoshi a waje. Da ya yi dariya a waya ta kasa kunne.

Da safe ta fito daga wanka ta same shi tsugune bayan kekenta, shuɗiyar rigar a cinya, yana tsotsar yatsa.

"Oga, me kake yi?"

Ya zabura. "Sori, madam! Allurarki na ara. Ban iya zura zare ba, wanda na tarar a ciki nake amfani da shi."

Ta dubi allurar. Jan zaren leshin Yaya ne, wanda take ta fama da shi tun watan jiya, bayan na Gwaggo da na 'ya'yan Kawu.

"Me ya hana ka ba ni?"

"Ai na ba ki farar ran nan. Kika ce in bi layi."

Kunya ta rufe ta. Ta fizge rigar ta zauna, shi kuwa ya tsaya a kanta yana tsokana, wai yau layi ya zo kansa.

Ku 'yan mata ku ji: so ba daɗin baki ba ne, kula ce, kuma aiki ce. Dangi za su cinye miki lokaci, sannan su zo su nuna miki inda aurenki ya yage. Kafin ki ɗaure kaya a kan maganar wani, ki fara duba abin da kika bari a gidanki.