Hannun Shifa

Ranar da Mutawakil ya fara shigowa ajinta, Wadia ba ta ko kalli fuskarsa ba. Hannun yarinyar da ya riƙo ta gani. An cusa na hagun cikin tsohuwar safa, an ɗaure da tsumma.

"Madam, ga Shifa, 'yar marigayi yayana," ya ce. "Tsohuwata ta ce kar a kwance. Bahaguwa ce paa, ba kaɗan ba."

"To," in ji Wadia.

Haka take amsa komai tun da aka binne mahaifiyarta bara. Hedimasta ya yi faɗa, to. Mai trotro, motar haya, ya wuce da ita tasharta, to. Tana cin abinci, tana salla, tana koyar da 'yan aji ɗaya a wata ƙaramar makaranta a unguwar Maamobi, amma cikinta shiru kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

Aikin dai ba ya kuɓuce mata. Kafin yaro ya taɓa fensir a ajinta, sai ya yi makonni yana zana harafi da yatsa a farantin yashi, yana faɗin sautinsa da ƙarfi. Shifa ta sa yatsan dama, ya yi ta rawa, da'irar ta ƙi haɗuwa. Wadia ta sunkuya ta kwance safar. Ba don tausayi ba, kar a ba ta ladan da ba ta nema ba. Aikin ne ya ƙi tafiya.

Yatsan hagu ya shiga yashi, harafi ya fito zagaye, tsaf. Yarinyar ta ɗago tana dariya da giɓinta. Daga ranar, da safe a kwance, kafin a tashi a mayar.

Mutawakil yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai, kuma shi ke ɗaukar Shifa. Wata rana ya zo da wuri, ya leƙa ta taga. Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Madam, na ga abin da na gani. Bakina a ɗinke yake. Amma ki yarda in kawo miki koko da ƙosai gobe."

"To."

"To kawai? Haba chale, yaran ajinki sun fi ki yawan haruffa."

Tun daga nan ya raɗa mata Madam To. Koko ya zama na kullum, rakiya zuwa bakin titi ta zama ta kullum. Shi ke surutu, ita tana kallon kwata. Da ya furta yana son ta, ba ta ɓoye masa ba.

"Ni fa ba na jin komai, Mutawakil. Ba daɗi, ba zafi."

"Ba komai, Madam To. Ni ina jin na mutum biyu. Idan naki ya dawo, kya same ni a nan."

Ta ce to. Kawunta Imoro ma ya ce a turo.

Gawayi ne ya tona asiri. Hajiya Memuna, mahaifiyar Mutawakil, tana sayar da waakye, shinkafa da wake, a unguwar Nima. Ta dawo gida ta tarar da jikarta a tsugune, safa a ƙasa, tana cika bangon tsakar gida da haruffa da hannun hagu. Washegari ta aika a kira mata Madam.

"Hannun da ake tsarki da shi, da shi za ta rubuta Bismilla?" ta ce. "Marainiya ce, ba uwa ba uba. Gobe ta miƙa wa babba abu da hagu, wa za a zaga? Ni. A ce tsohuwa ba ta iya riƙo ba."

"Hajiya, ci da gaisuwa da miƙa abu duk da dama take yi. Rubutu ne kawai."

"Ba na so koraa, ko kaɗan. Ki ɗaure da hannunki, a gaban yara. In ba haka ba, ƙafata ba za ta taka gidan kawunki ba."

Mutawakil ya buɗe baki, uwar ta daka masa harara, ya rufe. Wadia ta ce, "To."

Ranar Litinin ta ɗaure. Ta ja tsumman da kyau, ta ajiye farantin yashi a gaban Shifa. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Ta ajiye hannayen a cinya, ta kafa wa bango ido. Aji yana ta rera sauti, ita ko leɓe ba ta motsa ba. Da aka tashi tara Wadia ta ce mata ta fita ta yi wasa.

"To," in ji Shifa, ba ta tashi ba.

Wadia ta daɗe tsaye a kanta. Ta san wannan kallon, da shi take kwana take tashi. Ta durƙusa ta kwance tsumman, ta jefa safar a kwandon shara, ta ɗauki waya ta rubuta wa Mutawakil.

"Na kwance, kuma ba zan sake ɗaurewa ba. Ka gaya wa Hajiya. Allah ya haɗa ka da wadda ta fi ni."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ta koma gida ta dafa shinkafa ta cinye, ta wanke tukunya. Ta jira ta ji ciwon abin, bai zo ba.

Hajiya ta cire Shifa daga makarantar, ta zaunar da ita a gindin tukunyar waakye da sabuwar safa. Kujerar yarinyar ta zauna ba kowa. Saƙonnin Mutawakil ba su daina zuwa ba.

"Na gaya wa Mma ba zan yi aure ba da yardarta ba. Na kuma gaya mata ba zan auri wata ba. Ta ce in tsufa. Na ce to. Kin ga na koya."

Bayan kwanaki wani ya shigo, wannan ba wasa a cikinsa.

"Shifa ta daina magana. Abinci ma sai an ɗura mata."

Wata safiya ana tsakiyar karatu Hajiya Memuna ta tsaya a ƙofar aji, riƙe da jikarta. Idanunta sun faɗa. Hannun yarinyar a sake yake.

"Na riga na binne ubanta," ta ce a hankali. "Ba zan zauna ina kallon wannan tana bushewa ba. Ki ba ta yashin nata." Ta kau da kai. "Amma a gidana kar ta yi inda zan gani."

"Na gode, Hajiya."

"Kar ki gode mini. Ki gaya wa kawunki muna zuwa da goro Juma'a."

An ɗaura aure a wani masallaci a Nima bayan ƙaramar salla. Mata suka cika lungu da guɗa, aka rufe Wadia da mayafi aka kai ta ɗakin Hajiya. Tsohuwar ta dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya masu albarka, ya jiƙan mahaifiyarki da ba ta ga yau ba."

A nan abin ya zo. Hawayen da suka ƙi fita ranar jana'izar mahaifiyarta suka ɓalle, har ta jiƙa wa Hajiya zani. Da ta samu numfashi ta lalubo waya a ƙarƙashin mayafi, ta rubuta.

"Mutawakil, tsoro nake ji. Ina kewar Mmata. Ina son ka. Duk sun zo mini lokaci guda."

Amsa ba ta daɗe ba.

"Alhamdulillahi. Sannu da zuwa, amaryata. Ina bakin ƙofa."