Ƙofar da Mma Awabu Ta Rufe

Barikisu na tsaye a bayan ƙofa, hannunta a kan sakata. Muryar Jibirilu na shigowa ta tsagar katako.

"Bariki, masoyiyata... ko kalma ɗaya ce, in ji muryarki."

Barikisu ta waiwaya. Mahaifiyarta, Mma Awabu, na zaune a tsakar gida, ta kafe ta da ido.

Kwana goma sha biyu ke nan da murar da ta mamaye unguwar Nima a 1957 ta ɗauke mahaifinta, Baba Mahama. Ana gama sadakar bakwai Mma ta rufe gida, ta hana ko masu ta'aziyya shiga. Ba ta cin abinci. Motsi kaɗan sai ta taɓa goshin Barikisu, ta tambaye ta ko tana jin sanyi. Har ita Barikisun ta fara tsoron maƙoshinta, in tari ya taso mata sai ta haɗiye shi.

Jibirilu direba ne a gidan wani ɗan Italiya mai kwangilar gine-gine. Nafi, 'yar maƙwabta da ta daɗe tana sonsa, ita ta raɗa wa Mma cewa daga gidan maigidansa ya kwaso cutar, ya kawo ta ranar da ya zo gaishe da Baba. Mma ta ce maganar aurensa da Barikisu ta mutu.

Washegari Jibirilu ya zagayo ta tagar Barikisu. Ya rame. Ya gaya mata matar maigidansa ma haka ta zama tun da wasiƙa ta zo cewa murar ta kashe uwarta a ƙasarsu: ta daina magana, ta hana 'ya'yanta fita, sai da 'yan uwanta mata suka riƙa zuwa suna zama da ita sannan ta dawo hayyacinta. Ya ce ba don kansa yake roƙo ba, ta buɗe wa ƙawayen Mma na Kasuwar Malam Atta ƙofa.

"In ta yi fushi da ni fa?"

"Fushi yana wucewa, Bariki. Wannan shirun ne nake tsoro."

Ranar Juma'a da hantsi Barikisu ta zare sakata. Mata huɗu suka shigo da koko da ƙosai. Mma ta miƙe tana korarsu, ba wadda ta motsa. Babbarsu, Mma Zelia, ta riƙo hannunta ta zaunar da ita.

Sai kuka ya ƙwace wa Mma Awabu, na farko tun rasuwar.

"Ni ce..." ta ce. "Ni na fara tari. Daga kasuwa na kawo masa. Na sani tun farko, na rasa wanda zan gaya wa."

Mma Zelia ta ce babu gidan da cutar ba ta shiga ba a unguwar, ita ma ta binne ƙanwarta, wa za ta kama da laifi? Kwanan Baba ne ya ƙare.

Mma Awabu ta sha kokon, rabin kwano. Da la'asar ta sa aka kira Jibirilu. Ya durƙusa nesa da tabarmarta, kansa a ƙasa.

"Matso, ɗana," ta ce. "Na ɗora maka abin da na kasa ɗauka. Ka yafe mini. In na fita takaba, ka turo manyanka."