Mudun Maigari

A can wani zamani, an yi wani masassaƙi a garin da ake biyan haraji da gero, kowane gida mudu goma. Maigarin yana son kiwon jiminu. Duk sanda ya ƙaro jimina, don ya sami ƙarin geron ciyar da ita, sai ya ce wa masassaƙi, "Sassaƙo mini mudun da ya fi wancan girma." Masassaƙi ya sassaƙo. Maigari ya ƙaro wata, masassaƙi ya sake sassaƙowa.

Wata rana masassaƙi ya ga maƙwabciyarsa, tsohuwa Ladingo, tana juye irin shukarta cikin mudun, bai ma cika ba. Ya gane mudun da ya sassaƙa ne yake cinye irin mutane.

Da maigari ya sake cewa a sassaƙo, sai masassaƙi ya kawo ɗan ƙaramin mudu.

Maigari ya ce, "Wannan fa?"

Masassaƙi ya ce, "Ranka ya daɗe, jiminunka sun fara cin iri. Baɗi ba abin da za a auna."

Maigari ya yi ta jujjuya mudun, har masassaƙi ya ɗauka korarsa za a yi. Can maigari ya ce, "A sayar da jiminun, a mayar wa mutane irinsu."

Masassaƙi ya yi ajiyar zuciya.

Da kaka ta yi, Ladingo ta auna harajinta da ƙaramin mudu har da tozo, rumbunta kuwa kamar ba a taɓa shi ba.