Yatsun Inna

Tun daga bakin ƙofa Malama ta ja ta tsaya. Dogo, saurayinta, ya kawo ta ne ta gaishe da mahaifiyarsa kafin a sa rana. Sai ga shi tsohuwar da ke zaune kan tabarma ɗalibarta ce, mai zama a bencin baya a ajin manya.

Shekaranjiya Malama ta fizge fensir daga hannun matar nan a gaban kowa, ta ce, "Haba Iya, sai ka ce ludayi kika riƙe! Harafi ɗaya tal ya gagare ki?" Aji ya kwashe da dariya. Sabuwar malama ce, kanta bai gama saukowa ba.

Yanzu kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta san Dogo ba ya haɗa Innarsa da kowa, in ya ji wannan magana aure ya sha ruwa.

"Rabin raina, lafiya kika tsaya a bakin ƙofa?" in ji Dogo. "Inna ce fa, ba ta cizo."

"Ai mun san juna," Inna ta ce. "Malamata ce."

"Malamarki? Inna, makaranta kike zuwa ban sani ba?"

"Da ka ce mai ilimi za ka auro, sai na ce bari in koyi ko rubuta sunana ne, kada in ba ka kunya a gabanta."

Dogo ya kama hannun uwarsa. "Da waɗannan yatsun? Wankin da kika yi ta yi wa mutane don in yi karatu ne fa ya lanƙwashe su..."

Sai a lokacin Malama ta lura yatsun ba sa miƙewa. Ta zube a ƙasa, hawaye na bin kumatunta.

"Inna, ki yafe mini. Ranar nan a aji na..."

"Ranar nan kin koya mini karatu," Inna ta katse ta. "Ni iyakar abin da na tuna ke nan."

Ta ɗaga gefen tabarma ta zaro ɗan guntun fensirinta, ta miƙa hannu.

"Taso, 'yata. Harafin nan har yau ya ƙi ni. Wannan karon riƙe mini yatsun mu rubuta tare."