Naɗin Bahago

Da hantsi rahoton ya iso teburin Sufeto. Motar wata ungozoma ta kama da wuta a ƙofar asibitin haihuwa, mai motar ta ƙone a hannu garin buɗe murfin inji, kuma jama'a sun riga sun kamo mai laifi sun kawo shi da kansu.

Sufeto ba ta cika son ƙarar da jama'a suka gama bincikenta tun kafin ta iso ofis ba. Ta gyara hularta ta fito.

Wanda aka kamo yana zaune a kan benci. Tsoho ne mai gyaran wayar mota, kowa Bahago yake ce masa, don ko shayi da hagu yake sha.

"Baba, kai ka gyara wayoyin motar nan?"

"Ni ne, 'yata. Watan jiya."

"Me ka yi mata?"

"Zafin inji da daɗewa sun cinye robar wayoyin, ko taɓawa aka yi sai ta marmashe. Na cire batir, na fiddo damin wayar gaba ɗaya, na yanke duk inda ya ruɓe, na haɗa sabuwa da dalma. Kowane haɗi na zura masa bututun roba na haska masa zafi ya tsuke, sannan na naɗe da tef." Ya murza idanunsa. "Haka dai nake tunawa na yi."

"Kake tunawa?"

"'Ya'yana sun daɗe suna cewa in ajiye aiki, wai ido ya tafi. Ina ta musu da su. Idan aikina ne ya ƙona hannun da ya karɓi haihuwar jikokina, rubuta kawai in sa hannu. Gobe zan rufe shagon."

"Ajiye hannunka tukuna, Baba. Takarda ba za ta gudu ba."

Motar tana nan inda ta ƙone, fara ce, gabanta ya yi baƙi ƙirin. Sajan ɗin da ya rako Sufeto ya leƙa cikin injin sau ɗaya ya ja da baya.

"Ranki ya daɗe, ai kowa ya sani. Mota ta ci wuta, mai waya ne."

"Kowa ya sani," in ji Sufeto, "shi ya sa ba wanda ya duba. Miƙo min fitila."

A gefen da wuta ba ta kai ba, damin wayar yana nan da sabon tef mai sheƙi. Ta sa farce ta warware shi. Robar da ke ƙarƙashi ta zube a tafin hannunta kamar busasshen ganye, jan ƙarfen ya fito tsirara. Babu dalma, babu bututu.

"Kin gani?" Sajan ya yi murmushi. "Tsoho ya lulluɓe ruɓa da sabon tef."

Sufeto ta matso da fitilar kusa. Tana kallon bakin filogin da ke ƙarshen damin. Akwai 'yan ɗige-ɗigen fenti a jikinsa, ƙanana kamar feshin turare.

"Sajan, wane launi ne wannan?"

"Shuɗi."

"Motar fa?"

Sajan ya dubi motar, ya sosa ƙeya.

Ta yanko guntun damin da tef ɗinsa ta sa a leda.

Ungozoma tana zaune a ɗakin ma'aikata, hannunta a naɗe da bandeji. Surukinta, mijin autarta, yana tsaye a kanta yana yi mata fifita da jarida.

"Sannu, Mama. Wa ke hawa motar nan ban da ke?"

"Ba kowa. Ko 'ya'yana ban yarda su taɓa ta ba. Makon jiya ma da na je taron ma'aikata, a gida na bar ta, makulli a hannun maigadi."

"Ni dai na ce ɓeraye ne," surukin ya tsoma baki. "Yanzu ɓeraye waya suke ci kamar rake. A saki tsohon nan, a bar wa Allah."

"Ka san harkar inji ke nan?"

"Ni? Ko inda ake zuba ruwa ban sani ba, ranki ya daɗe."

"Ɓera yana barin sawun haƙori," in ji Sufeto, "yana barin kashi. Ban taɓa jin wanda ya gama ci ya naɗe da tef ba."

Ungozoma ta yi dariya har ta riƙe hannunta don zafi. Surukin ma ya yi, amma tasa ta makara.

Maigadin gidan ya rantse tun ba a tambaye shi ba. Mota ba ta fita ba, ba ta motsa ba, shi ko gyangyaɗi ba ya yi. Sufeto ta bar shi da rantsuwarsa ta koma ofis.

Ta aika aka sayo tef da guntayen waya. Ta miƙa wa Bahago ɗaya, ta miƙa wa Sajan ɗaya.

"Ku naɗe min."

Sajan ya yi nasa da gumi, tef yana manne masa a yatsu. Bahago ko kallon hannunsa bai yi ba. Ya gama ya ajiye, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, sumul kamar kitso.

Sufeto ta jera guda uku a tebur: na Sajan, na Bahago, da wanda ta yanko daga motar.

"Sajan, dubi inda naɗin ya karkata."

Na Sajan da na motar gefe ɗaya suka kwanta. Na Bahago ya kwanta ɗaya gefen.

"Baba, ka taɓa naɗi da dama?"

"Tun ina yaro aka dake ni a kan haka aka gaji." Ya jawo ledar kusa da idonsa, ya jujjuya ta. Bayansa ya fara miƙewa. "Wannan? Ni? Wannan ko naɗin tabarma bai kai ba! 'Yata, wannan damin ma ba na motar ba ne. Nawa an cire shi."

"Ni ma abin da na gani ke nan. Saura mu san inda ya tafi."

Karo na biyu, a ofis aka yi wa maigadi tambaya, kuma kujerar ofis tana rage wa mutum yawan rantsuwa.

"Wa ka ba makulli?"

"Ranki ya daɗe, ɗan gida ne fa."

"Wane ɗan gida?"

"Surukin Mama. Ya ce wanki zai kai ta. Da safe ya tafi, sai da rana ta kusa faɗuwa ya dawo da ita. Kuma wallahi ba a wanke ta ba."

"Yana da mota?"

"Irin ta Mama sak. Tsohuwa ya saya ya sake mata fenti."

"Wane launi?"

Sajan ne ya amsa, a hankali. "Shuɗi."

Sun sami surukin a ƙofar gidansa yana goge gilashin motar. Sufeto ta zo da Bahago, ungozoma kuma ta ce ko a kan gadon asibiti take sai ta zo.

"Buɗe mana murfin inji."

"Ya maƙale, ranki ya daɗe. Tun da na saya."

Bahago ya zura hagunsa ƙarƙashin sitiyari. Murfin ya ɗaga.

Cikin injin duk feshin shuɗi ne, a jikin ƙarfe, a jikin tiyo, ko'ina. Abu ɗaya ne kawai fenti bai taɓa ba, wato damin wayar. Yana kwance baƙi, tsaf, kowane zagaye a kan rabin na bayansa, duk sun karkata hagu.

Bahago ya shafa shi da yatsa tun daga batir har bayan inji.

"Mai cewa bai san inda ake zuba ruwa ba," ta ce wa surukin. "Wa ya yi maka musanyar?"

Ya dubi surukarsa, ya dubi ƙasa.

"Ni na yi. Na taɓa zama a gareji kafin in yi aure. Wayoyin tawa sun ruɓe, kullum tana mutuwa a hanya. Ranar da Mama ta dawo daga wurin Baba na leƙa na ga aikin. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na kwana ina tunaninsa. Na ce Mama ba ta nisa, daga gida sai asibiti. Na lulluɓe nawa da sabon tef na sa mata. Wallahi ban zaci zai kama da wuta ba."

"Ka kuma tsaya kana kallo aka ja tsoho zuwa ofis."

"Ai na ce ɓeraye ne, don a sake shi."

"Ɓera dai," in ji ungozoma. "Ga shi nan da takalmi. Mata masu naƙuda nake ɗaukowa a motar nan, ɗan nan. Har matarka na ɗauko a cikinta."

Sajan ya ɗaura masa ankwa ya nufi motar 'yan sanda da shi. Surukin bai waiwayo ba.

Ungozoma ta juya wurin Bahago. "Yaya, ka yafe mana. Idan na samu wata motar, kai za ka duba min ita."

"Ki kawo. Shago a buɗe yake." Ya zaro sukundireba daga aljihu ya sunkuya kan injin.

"A'a, Baba," in ji Sufeto. "Wayar nan shaida ce yanzu. Kotu za ta, da motar gaba ɗaya."

Tsohon ya tsaya. Ya mai da sukundireban aljihu, ya ciro hankicinsa ya goge wata 'yar ƙura da ta hau damin.

"To, a kai ta. Amma ranar shari'a ku buɗe wa alƙali murfin sosai, a wurin da akwai haske." Ya gyara wuyan rigarsa. "Kuma ki aika wa 'ya'yana su zo."