Mai-Ƙifta

Ƙit! Na'urar da ke maƙale a gefen tabarau ɗin Ummita ta saki ɗan lantarki, fatar idon yarinyar ta rufe ta buɗe, ɗigon ruwa ya sauka kan ƙwayar. Ummita ko gezau. Tana zaune a tsakar ɗaki, baki sake, yawu na dalala, tana kallon abin da ita kaɗai ke gani a cikin gilashin.

Uwarta, Injiniya Sahura, ita ta ƙera na'urar, ta raɗa mata suna Mai-Ƙifta. A Sabuwar Tiga, birnin dogayen benaye da motoci marasa direba, an daɗe da rushe ajujuwa. Karatu da wasa, har gaɗa da 'yartsana, duk an ɗura su cikin tabarau mai majigi. Yaro ya ɗaura da safe, sai barci ke raba su. To, mai kallon majigi mantawa yake da ƙiftawa. Idanun yara suka bushe, suka yi jawur, kwantsa na daskarewa a gefe. Sahura ta ga 'yarta na sosa ido, tausayi ya sa ta ƙirƙiro abin da zai riƙa ƙifta mata.

Iyaye kuwa, Allah wadai, suka ga banza ta faɗi. A da tilas ne a cire wa yaro tabarau ya huta, ya zo ya ishe su da ƙiriniya. Yanzu shiru kake ji a kowane gida. Kamfanin da Sahura ke wa aiki ya baza talla, wai "Ɗanki ba sai ya huta ba", aka soke dokar hutun ido. Ita ma Sahura kada a wanke ta, tun da aka ƙara mata girma ba ta sake duba idon 'yarta ba tabarau ba.

Ranar duban watan Sallah sai ga mahaifiyar Sahura, Iya Kubura, daga ƙauye, da tandun kwallinta a lalita. Al'adar gidansu ce, da magariba a hau soro da ƙaramin yaro, don idonsa ya fi kaifi. In ya hango wata, shi za a fara ranɓaɗa wa kwallin Sallah.

"Takwara, tashi mu hau sama," in ji Iya. "Uwarki ma ta gano mana wata tana kamarki. Cire wannan takunkumin."

Suka hau rufin bene su uku. Sahura ta zare wa yarinyar tabarau. Idanun sun ƙanƙance, sun yi zuru-zuru, kuma a buɗe suka tsaya. Iska ta buso, ba su ƙifta ba. Wani ƙuda ya zo ya sauka kan kwantsar, ya taka har bakin ƙwayar idon yana murza hannuwa, Ummita na tsaye abinta tana jiran na'ura. Sahura ta sa hannu ta kore shi.

"Ga shi can!" Iya da ta haura saba'in ta nuna yamma. "Siriri kamar yankan farce. Takwara, kin gani?"

Ummita ta ɗaga hannu sama, ta haɗa yatsu biyu ta ware, ta sake warewa, yadda ake ƙara girman hoto.

"Mama, ba ya buɗewa. Duk hazo ne. Sama ta lalace?"

Sahura ta kira shugabanta a kamfani, Alhaji Mudassir, a waya.

"Yallaɓai, a tsai da Mai-Ƙifta. Yarinyata ta manta yadda ake ƙifta ido, kuma ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta."

"Haba Injiniya, miye abin tada hankali? Mayar mata da tabarau mana! Kai, kin ma kawo shawara. Baɗi sai mu saka musu wata a ciki, ƙato, mai kala, kowa ya gani daga gado."

Tir! Ta kashe wayar ba sallama. Ta dubi Mai-Ƙifta da ke maƙale a tabarau ɗin da ke hannunta, aikin da aka yi ta tafa mata a kansa, ta ji ƙyamarsa kamar ta riƙe mushen ɓera. Ta yar, ta sa dunduniya ta murƙushe.

"Mama, idona na min yaji."

Hawaye ko ɗigo babu. Sahura ta durƙusa, ta sa yatsu biyu ta shafo fatar idon a hankali ta rufe.

"A'uzubillahi!" Iya ta dafe ƙirji. "Ke Sahura, gawa ake yi wa haka!"

"Na sani, Iya."

Lasifikokin birni suka ɗauka, wai tauraron ɗan'adam ya tabbatar da tsayuwar wata, gobe Sallah. Iya ta mai da tandunta cikin lalita ba ta buɗe ba. Sahura na nan durƙushe gaban 'yarta, tana ɗaga fatar idon tana saukewa.

"Rufe, Ummita. Buɗe. Yanzu gwada da kanki."

Ta janye hannunta, ta jira. Idanun suka tsaya a buɗe.